Jan Layin Baffa Jalo

Zariya,
Litinin, 7 ga Yuli.

Zuwa ga taubashiyata Su'ad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen Arawa. Ya damina? Mu nan ruwa ya ƙi ɗaukewa tun shekaranjiya, mura ma ta ɗan taɓa ni amma da sauƙi.

Kar ki yi mamakin ganin wasiƙa a cikin folda maimakon saƙon waya. Umarnin Baffa Jalo ne, ko Kawu, kamar yadda ku 'ya'yan mace kuke kiransa. Ya ce tunda kwamfuta ɗaya ta haɗa mu, mu dinga ajiye wa juna wasiƙa a cikinta, da sallama da gaisuwa, ba irin rubutunmu na waya marar kai da gindi ba.

Har yau abin nan bai daina ba ni mamaki ba. Kwamfutar tana can ofishin Baffa a Arawa, ke kina zaune a gabanta, shi yana gida Manawashi da laftof ɗinsa, ni ina nan makaranta da tsohuwar tawa da ko zanen kejin kaji ba ta iya ɗauka. Amma mu uku duk muna cikinta lokaci guda, kowa da allonsa, kowa da aikinsa, ga sunayenmu a jere a gefe, na wanda ke aiki yana haske. Ki gaida mini Gilbert da ya haɗa mana wannan abu. Ba don shi ba da ban san inda zan zana aikina na gama digiri ba.

To ga labari. Kin san Gilbert ya ba Baffa damar leƙowa allon kowa. Wallahi kusan kullum da rana sai na ga kibiya ta biyu ta shigo allona, tana yawo a kan zanen asibitin haihuwar da nake yi wa filin nan na Tumfure, sai kuma ta fara jan layi. Ja wur, Su'ad! Jiya layi goma sha bakwai. Kin dai san Baffa, wanda bai ja wa layi ba bai ɗauke shi a bakin komai ba. Har malamina ya tambaye ni wa ke duba mini aiki. Na ce babana ne, yayan mahaifina, shekara talatin yana zanen gine-gine a Gombe.

Ke kuma layi nawa kika samu a wannan makon? Ko bayi ba sa samu?

Taki,
Batul

*

Arawa, Gombe,
Laraba, 9 ga Yuli.

Batul,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke, Inna tana amsawa, ta ce ki sha citta da lemon tsami. Kawu ma lafiya. Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga wasiƙarki, na kuma ga ƙidayarki. Sha bakwai. Allah ya sa albarka. Ni ban samu ko ɗaya ba, kuma ba a wannan makon kaɗai ba. Rabona da jan layin Kawu tun bara kafin azumi, in kina son ki ji daɗi.

Kina mamakin yadda kike shiga daga Zariya kamar kin buɗe ƙofar ɗakinku. Bari in rage miki mamakin. Da sassafe ni ke zuwa in kunna ta. In an ɗauke wuta ni ke tashi in mayar da ita kan sola, in rana ta ƙi fitowa in kashe fanka in zauna cikin zufa don batir ya kai ki la'asar. Ranar Asabar ɗin da sabis ya ɗauke kina tsakiyar aiki, ni na hau keke har wajen Gilbert na taho da shi cikin ruwa. Ba gori nake miki ba. Kawai dai ki san akwai hannu a ƙarƙashin abin.

Kuma don Allah in za ki sa ta fitar da manyan hotunan nan naki masu bishiyoyi da gajimare, ki bari sai na tashi. Kwamfutar ɗaya ce. In kin ɗora mata wannan nauyi, ni a nan layi ɗaya sai in ja shi in je in yi alwala in dawo bai fito ba, ga mai gida zaune a benci yana jiran zanen shagunansa yana kaɗa ƙafa.

Wani abu kuma. Ƙofar shiga asibitin naki tana kallon gabas, ta inda gangaren yake. Kin taɓa tsayawa a filin nan ana ruwa?

Su'ad

*

Zariya,
Litinin, 14 ga Yuli.

Su'ad taubashiya,

Assalamu alaikum. Murar ta tafi, ki yi wa Inna godiya. Ina fatan zufar fankar ba ta ƙarar da ke ba.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ce kai, yau baiwata ta tashi da ƙafar hagu. Wai ko na taɓa tsayawa a filin ana ruwa. Ban taɓa ba, amma ina da taswirar wurin da ma'aunin tudu da gangarensa, kuma shekara biyar ba tallan gyaɗa nake yi a nan ba. Abin dariyar, kwana ɗaya bayan wasiƙarki Baffa ya shigo ya zagaye ƙofar da ja, ya rubuta tambayarsa ta kullum: ina ruwa zai bi? Wato kin ji yana faɗa ne kika riga shi kawo mini, don a ce ke ma kin iya. Na gane ki.

Ke ba ki san abin da kike da shi ba ne. Kina ganinsa, kina jin muryarsa, ke ce a bayansa a kowane fili da tef a hannu. Ni sai kibiya. Kullum in ta shigo nakan rubuta a gefen zanen, Baffa ina wuni, ba ya amsawa, sai dai ya ja layi. In na kira shi a waya ya ce madalla, ki dage, ya miƙa wa matarsa Goggo Ladi. Wani lokacin sai in ji haushinki ya kama ni haka kawai.

Amma dai ga abin da zai faranta miki. Baba ya ce sun yi magana da Baffa ranar Juma'a. Baffa ya ce in na gama, na yi hidimar ƙasa, na samu rajista, hatimin ofis zai dawo hannuna, tunda doka ba ta yarda mai difloma irinki ya buga hatimi a zane ba. Kar ki damu, ba zan kore ki ba. Zan riƙe ki, baiwar gado ai ba a sayar da ita. Har fanka zan saya miki mai batirinta.

Uwar ɗakinki,
Batul

*

Arawa, Gombe,
Talata, 22 ga Yuli.

Batul,

Salam. Kowa lafiya.

Na ga saƙonninki uku na waya cewa na yi shiru. Aiki ne ya yi yawa.

Na ji batun hatimi. Ban sani ba sai a wasiƙarki. Shekara shida ina buɗe ofishin nan ina rufe shi, sai daga Zariya labarin ya zo mini. Allah ya sanya alheri. Na gode da za ki riƙe ni.

Ki dinga adana aikinki kafin ki tashi. Ran Alhamis kin bar shi a buɗe kin tafi, aka ɗauke wuta, batir saura kaɗan. Sunanki yana nan a gefen allona, ga maɓallin fitar da mutum a kusa da shi. Na daɗe ina kallonsa. Na kashe nawa aikin na bar naki.

Su'ad

*

Zariya,
Asabar, 26 ga Yuli.

Su'ad,

Na yi sallama don Baffa ya ce a dinga yi. Ban tambayi lafiyar kowa ba don na ji ta jiya daga bakin Goggo Ladi.

Jiya Juma'a, ƙarfe biyu saura kwata, kibiya ta shigo allona tana gyara mini matakalar ɗakin haihuwa. Na ji daɗi kamar kullum. Sai tausayi ya kama ni, na ce tsohon nan ko hutawa ba ya yi, bari in kira Goggo ta ce masa ya ci abinci. Goggo ta ce, wane Baffan? Ai tun ƙarfe ɗaya Malam Iro maƙwabcinsu ya zo suka tafi masallaci.

Wayar tana kunnena, Su'ad, idona yana kan allo, kibiyar tana ta jan layi. Sunan Jalo yana haske. Naki ya dushe. Sai da na ajiye wayar na tuna cewa duk ranar da nasa ya yi haske naki a dushe yake, ban taɓa ganinsu tare ba. Kuma ni da hankalina ban tambayi kaina yadda Baffa zai zauna gaban laftof ana huɗuba ba.

Ke ce. Kin samu kalmar sirrinsa kina shigo mini da sunansa. Tun yaushe? Kina zaune kina kallona ina rubuta Baffa ina wuni, kina dariya? Ina ta yi miki ƙidayar layi kamar wawiya, ashe ke kike jansu.

Saura kwana goma sha shida in tsaya gaban malamai in kare aikin nan. Na juya ƙofa, na ɗaga harsashin gini, na rushe rabin abin da na yi wata uku ina yi, duk don na ɗauka Baffa ne ya ce. Yanzu ban san wanne ne gyara wanne ne ramin da kika haƙa mini saboda hatimi ba. In ba ki ba ni amsa ba kafin Laraba, zan kira Baffa in gaya masa komai, in kuma sa Gilbert ya toshe ki.

Batul

*

Arawa, Gombe,
Talata, 29 ga Yuli.

Batul,

Assalamu alaikum. Inna lafiya. Kawu kuma ba lafiya ba, kuma yau zan daina rubuta miki cewa lafiya yake. Na je Manawashi jiya na karanta masa wasiƙarki, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Ya ce in gaya miki.

Kawu ba ya gani sosai. Hawan jinin ido ne, likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tare saura. Yana gane mutum in ya matso, yana gane ƙofa, amma layi a allo ya fi ƙarfinsa. Malam Iro ba rakiyar zumunci yake masa ba, hannunsa yake riƙewa. Ya hana a faɗa, har babanki bai sani ba. Ya ce in masu gini suka ji mai zane ya makance ofis ya mutu, in ke kika ji kuma za ki baro karatu ki taho kina kuka.

Ban saci kalmar sirrinsa ba. Da farko kullum da rana nake hawa keke in je gidansa, in zauna kusa da shi da laftof ɗin, in dinga faɗa masa abin da kika zana, bango kaza tsawonsa kaza, taga tana nan. Shi ya faɗi gyara, ni in ja. Muka yi wata guda a haka. Wata rana ina cikin bayani na ce, Kawu bututun nan zai bi ta ƙarƙashin ɗakin magani, bai kamata ba. Ya ce in ja. Na sake ganin wani, ya ce in ja. Da zan tafi sai ya tura mini laftof ɗin ya ce in kai ta ofis in ajiye kusa da babbar, in daina wahalar hanya. Tun daga ranar, in kin ga sunana ya dushe, kujera na ja daga wannan tebur zuwa wancan.

Gaisuwarki kuwa ina ganinta. Ban taɓa amsawa ba, don layi dai aiki ne aka sa ni, amma in rubuta lafiya lau 'yata da sunansa, wannan ƙarya ce da hannuna ya kasa. Da yamma nakan gaya masa kin gaishe shi.

Kin tambaya ko dariya nake. Wallahi ban taɓa dariya ba. Kishi nake, Batul, kishi mai cin rai, tunda kina son gaskiya. Ina zaune ina zuba miki duk abin da na koya a rana da taɓo, kina ɗauka kina kai wa malaminki, ana cewa kai, wannan yarinya da babanta. Ke digiri, shi suna, ni fanka. Da kika rubuto batun hatimi na shiga bayan ofis na yi kuka har mai shagon kusa ya leƙo. Na san wasa kike da kika ce baiwa, tun muna yara kike faɗa ina ramawa. Amma ranar ba ta yi mini kama da wasa ba.

Sau ɗaya na yi niyyar cutar ki. Ranar matakalar nan ta Juma'a, na ga kin yi kuskuren da zai sa mai naƙuda ta hau matakala bakwai kafin ta kai gado. Na ce bari in bar miki shi malamai su kama ki. Na tashi na yi sallah, na dawo, na kasa. Shi ya sa na shigo a lokacin da bai kamata ba, har kika kama ni. Duk layin da na ja miki, shi zan ja wa kaina. Filin Tumfure na tsaya a cikinsa bara a watan Agusta, ruwa ya kawo mini gwiwa daidai inda kika fara sa ƙofarki.

Na tambayi Kawu jiya, tunda abin ya fashe, me ya sa ya daina ja mini layi tun idonsa da sauran gani. Ya ce shi ba ya ɓata tawada. Na ce ban gane ba. Ya ce in tashi in tafi, keke zai yi wuya.

In kina so ki goge duk jan ki koma zanenki na farko, yana nan cikin folda, ban taɓa shi ba. Ba zan ƙara shigowa allonki ba.

Su'ad

*

Zariya,
Talata, 12 ga Agusta.

Adda Su'ad,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baffa? Na kira shi, mun yi minti arba'in, rabonmu da haka tun ina aji ɗaya. Ni na yi kukan da ya ce zan yi, shi kuma ya yi ta yi mini faɗa. Ya Inna?

Na yi shiru mako biyu don fushi nake, kuma ban san da wa ba. Na buɗe zanena na farko da niyyar in koma kansa in nuna miki. Na ajiye shi gefe da gefe da wanda kika yi wa ja, na yini ina neman ramin da kika haƙa mini. Ban samu ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na fi so a ce mugunta kika yi, da na san yadda zan yi da ke. Shekara biyar ina nan, ashe wadda nake tsokana da fanka ta fi ni ganin gini. Yanzu ni ke kishinki, kuma nawa sabo ne, yana da zafi.

Kullum da rana ina kallon allo ko kibiya za ta shigo. Ba ta shigo ba. Ke ma akwai taurin kai.

Jiya na kare aikin. Wani baƙon malami mai furfura ya tsaya a kan magudanar ruwan ya ƙi wucewa. Ya ce wanda ya juya ƙofar nan ya san wurin da ƙafarsa, ba da taswira ba, wane ne? Bakina ya buɗe zai ce babana, don ya saba. Na ce yayata ce, Su'ad, tana Gombe, difloma gare ta. Ya ce in gaishe ki. Na ci, Adda, da maki mai kyau, rabinsa naki ne, kuma ba na jin daɗin faɗar haka ko kaɗan.

Batun hatimi ba ni na yi dokar ba, ba kuma zan iya canza ta ba. Amma na gaya wa Baffa ba zan buga shi a kan zanen da ba ki ja wa layi ba. Ya ce dama wa ya ce mini zan iya? Na kuma janye maganar baiwa, har sai kin huce. In kin huce zan dawo da ita.

Na sa sabon zane a folda, gidan malamai ne na gwaji. Na roƙi Gilbert ya ba sunanki damar shigowa allona. In za ki shigo, ki shigo da naki.

Ƙanwarki,
Batul

*

Arawa, Gombe,
Alhamis, 14 ga Agusta.

Batul,

Wa'alaikumus salam. Barka, Allah ya sa albarka, ya sa a amfana. Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Kawu da sauƙi, yana ɗiga maganinsa in Goggo Ladi ta tsare shi.

Jiya ya sa Malam Iro ya kawo shi ofis, ya zauna a benci, ya ce Gilbert ya cire sunan Jalo daga kwamfutar. Gilbert ya ce a bar shi mana Baba, ba ya cin wuri. Kawu ya ce a cire, wanda ba ya gani ba ya tare kujera. Ina tsaye aka cire. Yanzu suna biyu ne a gefen allo, kuma ban san abin zai yi mini ciwo haka ba. Da zai fita ya laluba aljihunsa ya ajiye mini tsohon jan bironsa a tebur, wanda yake ja da shi tun ana zane a takarda. Ya bushe, ba ya rubutu. Malam Iro ya kama hannunsa suka fita.

Kar ki ɗauka na huce. Ranar da za ki buga hatimin nan a gabana sai na ji shi har cikin haƙorina, ki sani tun yanzu. Ki dai zo da fankar da kika yi alkawari.

Na shiga allonki yau da rana, ba kya nan, amma na ga abin da kika bari a gefen zanen. Adda ina wuni. Na amsa a ƙarƙashinsa, ki duba.

Layi ashirin da uku ne. Ki fara da banɗakin.

Su'ad